Garin Ƙarfe da Harshen Masu Sarrafa Shi: Abin da Ya Kamata Kaduna ta Tanada Kafin Injin Ƙirar Ɗori

Gabatarwa

A watan Disamban 2013 aka ƙaddamar da jirgin sama marar matuƙi mai suna Gulma a sansanin sojin sama na Kaduna. A watan Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da ƙanensa, Tsaigumi, a wannan sansani. Sunayen biyu duk Hausa ne. Sai dai Hausar ta tsaya ne a jikin jirgin, ba ta shiga ɗakin da aka ƙera shi ba. Haka al'amarin yake a yawancin fannonin fasahar zamani: Hausa ce ke raɗa wa jariri suna, amma ba da ita ake karɓar haihuwa ba.

Wannan maƙala ta ɗauki fanni guda domin nuna abin da wannan giɓi zai iya haifarwa. Fannin shi ne ƙera kaya daga garin ƙarfe ta hanyar ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa, musamman inda ake haɗa ƙarafa biyu ko fiye a jikin abu ɗaya. Ra'ayin maƙalar shi ne, wahalar wannan fasaha tana cikin garin ne fiye da injin, kuma hannuwan da za su ɗauki garin, su tankaɗe shi, su share shi a Kaduna, hannuwan masu tunani da Hausa ne. Saboda haka samar da kalmomin wannan aiki haƙƙi ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, kuma lokacin sauke shi ya yi.

Mece ce Ƙirar Ɗori?

Maƙerin gargajiya yana samar da siffa ta hanyoyi uku. Ko dai ya gasa ƙarfe ya doke shi a kan uwar maƙera, ko ya narka shi ya yi zubi, ko kuma ya rage shi da magagari har siffar da yake so ta fito. Hanya ta huɗu ita ce wadda jama'a suka sani da bugun 3D. A nan za a kira ta ƙirar ɗori, domin ɗori ake yi: kwamfuta tana yanka zanen abu zuwa dubban shimfiɗu, inji kuma yana gina su ɗaya bisa ɗaya. A shekarun 1980 Carl Deckard ya ƙirƙiro hanyar liƙe gari da hasken leza a Jami'ar Texas da ke Amurka, sannan a tsakiyar shekarun 1990 masana a cibiyar Fraunhofer da ke Aachen ta ƙasar Jamus suka kai ga narka garin ƙarfe baki ɗaya. Sanannen misali na amfaninta shi ne bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda a da ake harhaɗa shi daga sassa kusan 20, yanzu kuma ake fitar da shi a dunƙule.

Akwai manyan hanyoyi biyu na kai gari inda za a narka shi. Ta farko ita ce ta shimfiɗa. Wani mashimfiɗi mai kama da wuƙa yana baza gari a kan faranti, kaurin bazawar bai wuce maikiron 20 zuwa 60 ba, alhali kaurin silin gashin mutum yana kusan maikiron 70. Leza sai ta narka wuraren da zane ya nuna, farantin ya ɗan sauka, a sake bazawa. Ta biyu ita ce ta hurawa. Iskar argon tana ɗauko gari daga rumbunsa ta cikin siririn tiyo, ta feso shi a daidai inda leza ta narka fuskar ƙarfe. Hanyar shimfiɗa tana son gari mai laushi, daga maikiron 15 zuwa kimanin 50. Hanyar hurawa tana karɓar mai ɗan tsaki-tsaki, daga kimanin 45 zuwa 150.

Wannan gari ba niƙa shi ake yi ba. Narkakken ƙarfe ake tsiyayowa, a buge shi da iska mai ƙarfi, ya tarwatse ya daskare a matsayin ƙananan ƙwallaye. Mulmulewarsu ce take sa su gangara kamar gero. Ana auna wannan gangara da mazurarin Hall: a zuba giram 50, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya zurare. Garin da ya sha laima ko ya canza siffa ba ya zurara daidai, shimfiɗarsa takan yi rami, ramin kuma yakan zama kogo a cikin abin da aka ƙera.

Inda Ƙarafa Biyu Suka Haɗu

Burin masu wannan fasaha a yau shi ne a sa kowane ƙarfe a inda ya fi amfani. Hukumar NASA ta gwada ƙera tukunyar ƙona man roka da gamin jan ƙarfe daga ciki, domin yana kwashe zafi da sauri, aka kuma yi mata riga da gamin nikel daga waje, domin ƙarfinsa. Haka ma masu yin mazubin roba suke son baƙin ƙarfe a fuska, jan ƙarfe a ciki.

Matsalar ita ce ƙarafa ba halinsu ɗaya ba. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe a 1085, titaniyom a 1668. Nauyinsu ma ya bambanta: idan aka cika mazubi ɗaya, jan ƙarfe ya ninka alminiyom fiye da sau uku. Don haka idan iska ɗaya ta ɗauko gari biyu, mai nauyi da marar nauyi ba sa isa tare, abin da ya sauka kuma ba lallai ya zama abin da aka auna ba. Wasu ƙarafan ma ba sa jituwa. Idan baƙin ƙarfe ya narke da titaniyom ko da alminiyom, abin da ke fitowa a mahaɗarsu yana da gautsi, yana tsagewa kamar tangaran.

A hanyar hurawa, sauya ƙarfe yana da ɗan sauƙi, tunda kowane gari yana da rumbunsa, ana iya rage wannan a ƙara wancan a hankali. Amma ba duk garin da aka feso ne yake faɗawa cikin narkakken wurin ba. Ragowar yana zuba a gefe, a gauraye. A hanyar shimfiɗa abin ya fi tsanani, domin mafi yawan garin da aka baza ba a narka shi, kwashe shi ake yi a tankaɗe a sake amfani da shi. Wannan maimaici shi ne yake sa sana'ar ta ci riba. Da zarar gari biyu sun cakuɗe a kan faranti, ribar ta tafi. Kamfanin Aerosint na ƙasar Beljiyam ya ƙera wasu ganguna masu juyawa da ke sauke kowane gari a gurbinsa, wasu kuma suna amfani da siraran bututu masu karkarwa, ko su tsotse gari na farko kafin su zuba na biyu. Duk da haka, raba abin da ya riga ya gauraya yana nan a matsayin babbar matsala. Maganaɗisu yana jan wasu ƙarafan, ba ya jan wasu. Rariya tana raba manya da ƙanana, amma ba ta san jan ƙarfe da baƙi ba.

Wanda yake ganin ɗan gurɓata ba komai ba ne, sai ya dubi abin da ya sami kamfanin Pratt & Whitney. A shekarar 2023 kamfanin ya bayyana cewa garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injin jiragen Airbus A320neo da shi ya gurɓata. Sai da aka tsara sauke ɗaruruwan injuna domin bincike, asarar ta kai biliyoyin dala. Ba ƙirar ɗori aka yi wa waɗannan sassa ba, matse garin aka yi, amma darasin ɗaya ne: abin da ido ba ya gani a cikin gari shi ne yake fasa ƙarfe bayan shekaru.

Hunturu, Damina da Doguwar Hanya

Arewacin kogin Kaduna ya tara cibiyoyin da wannan fasaha za ta fara sauka a hannunsu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja a Afaka, da Jami'ar Jihar Kaduna. Hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, ita ma tana nan. A ƙetaren kogi, a Kakuri, akwai masana'antar kayan tsaro ta DICON tun 1964. Buƙatar kuwa a fili take: kayan gyaran jirage da injuna da ake jira wata da watanni daga ƙasashen waje.

Amma an tsara yawancin ƙa'idojin sarrafa garin ne a ƙasashen da ba su san hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shiga kowace kafa. Da yawa daga ƙwayoyin wannan ƙura sun fi garin ƙarfen ƙanƙanta, don haka rariyar da ake tace garin da ita ba za ta tare su ba. A wannan lokaci kuma iska tana bushewa ƙwarai, har mutum ya ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota ko ya yaye bargo. Irin wannan tartsatsi yana iya kunna garin alminiyom ko na titaniyom da ya tashi a iska. Idan damina ta kankama, a watan Agusta, matsalar sai ta juye. Laima tana sa gari ya cure, ya ƙi zurara, ruwan da ya liƙe masa kuma ya bar ƙananan kogunan iska a cikin abin da aka ƙera. Titaniyom yana shan iskar oksijin a duk lokacin da aka sake amfani da shi, alhali ƙa'idar irin wanda ake dasawa a jikin mutum ba ta yarda oksijin ya wuce kashi 0.13 cikin ɗari ba.

Sannan ga tafiya. Garin da ya sauka a Legas sai ya yi ɗaruruwan kilomitoci kafin ya iso, ko da ta tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018 ya biyo. Girgizar hanya tana sa laushi ya koma ƙasa, tsaki ya hau sama, kamar yadda duk mai sayar da gari a kasuwa ya sani. Wanda ya buɗe gwangwani ya ɗebi na sama kawai, ba abin da aka rubuta a takarda ya ɗeba ba. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda za ta iya tsayar da aikin kwana biyu a tsakiya, ta kashe na'urar da ke daidaita laimar ɗaki. Wannan duka yana nuna cewa cibiyar da ta kashe kuɗinta a kan inji, ta bar ɗakin gari a matsayin abin da za a duba daga baya, ta sayi abin kallo ne.

Gobarar da Ruwa Yake Hura Ta

Babban abin tsoro shi ne rai. A shekarar 2011 gobarar ƙurar baƙin ƙarfe ta tashi sau uku a masana'antar Hoeganaes da ke jihar Tennessee ta Amurka, ma'aikata biyar suka mutu. A watan Agustan 2014 ƙurar alminiyom ta fashe a wata masana'antar goge kayan mota a Kunshan ta ƙasar Sin, mutum 146 suka rasa rayukansu. A masana'antar ƙirar ɗori, wuri mafi haɗari shi ne matatar hayaƙin injin, inda wata kunkunniyar ƙarfe take taruwa, wadda za ta iya kamawa da kanta idan ta haɗu da iska.

Abin da kowa ya tashi da shi shi ne, idan wuta ta kama a nemo ruwa. A nan kuwa ruwa shi ne makamashi. Alminiyom ko titaniyom mai ci yana fasa ruwa ya saki iskar haidurojin, ita kuma ta fashe. Busasshen yashi ko hodar kashe gobarar ƙarfe ta musamman ake amfani da su. Tsintsiya ma haramun ce a wannan ɗaki, domin tayar da ƙura take yi. Iskar argon ba ta da wari ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa ta shaƙe wanda ya sunkuya. Garin nikel da na kobal kuma suna illa ga huhu. Kowanne daga cikin waɗannan gargaɗi ya saɓa wa abin da hankali ya saba da shi. Gargaɗin da ya saɓa wa sabo kuwa ba ya zama a zuciya sai an faɗe shi da harshen da mutum yake firgita da shi.

Panteka da Tarbiyyar Gauraya

A maƙwabtan Kwalejin Kimiyya da Fasaha akwai kasuwar Panteka, inda ake narka tsofaffin gwangwanaye da sassan mota a zuba tukwane a cikin yashi, ake ƙera murhu da ƙofofi da injin niƙa. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabancin kwalejin, kafin ya koma NBTE a 2021, an ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar domin a ba ƙwarewarsu shaidar da hukuma ta amince da ita. Daga irin waɗannan matasa ne za a sami masu kula da injunan gobe.

Sai dai akwai abin lura. Hikimar Panteka ita ce kada a zubar da komai. Ragowar jiya tana shiga tukunyar yau, gogaggen mai zubi kuma yana gane ƙarfe da ido da nauyi da amonsa. Garin ƙirar ɗori yana buƙatar akasin wannan tarbiyya: kowane gari da ludayinsa, da rariyarsa, da safar hannunsa, wanda ya zube a ƙasa kuma ba ya komawa rumbu. Ba gazawar masu sana'ar ba ce, sabon ladabi ne da sai an koyar. Koyarwar ba za ta yiwu da jerin kalmomin Ingilishi da aka liƙa a bango ba.

Taskar da Hausa Take da Ita

Abin mamaki shi ne Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Harshen da ya rayu a kan gero da dawa ya bambance gari da tsaki da dusa. Ya bambance tankaɗe da bakace da sheƙa da rairaya. Yana da rege, wato raba shinkafa da tsakuwa ta hanyar bambancin nauyi, wanda shi ne ainihin tunanin da injiniyoyi suke bi idan suna neman raba garin ƙarafa biyu. Yana da curewa da dunƙulewa da zurara. Wannan ilimi yana hannun mata a tsakar gida, kuma ba kasafai masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi suke neman sa a can ba.

Daga maƙera ma akwai gado. Bahaushe ya raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, kuma nazarin Philip Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano ya nuna zurfin tsarin wannan sana'a. Kalmar sinadari, wadda a yau ta zama ta ilimin kimiyya, daga wajen masu liƙin ƙarfe ta fito. Wannan shaida ce cewa kalmar sana'a tana iya hawa matsayin kalmar ilimi. Haka za a iya keɓe gami ga haɗin da aka yi da gangan bisa awo, a keɓe gauraya ga cakuɗar da ba a so, a bar gurɓata ga shigar baƙon abu kamar ƙura. Ma'aikacin da ya riƙe waɗannan kalmomi uku ya riƙe rabin ladabin ɗakin gari.

Akwai kuma tarko. Kalmar gari tana tuna wa mai ji abinci, hoda kuma tana tuna kwalliya, duka biyu ba sa sa mutum ya yi taka-tsantsan. Amma Bahaushe ya san wani gari da ake tsoro, wato albarushi. Idan aka kasa garin ƙarfe gida biyu, aka kira alminiyom da titaniyom da danginsu gari mai halin albarushi, mai gadi da direba da ɗan dako duk za su fahimci abin da ke cikin gwangwanin ba tare da dogon bayani ba. Irin wannan zaɓi ba injiniya kaɗai zai yi shi ba, sai da wanda ya san nauyin kalma a kunnen mai ita.

Abin da Masu Suka za Su Ce

Wasu za su ce harshen injiniyanci Ingilishi ne, ɗalibai kuma da shi suke karatu. Gaskiya ne, kuma ba a ce injiniya ya bar shi ba. Amma injiniya ba shi kaɗai yake taɓa gari ba. Mai sauke kaya, da mai shara, da ma'aikacin kashe gobara da zai iso da tankar ruwa, duk suna cikin haɗarin, kuma su ne ba a rubuta littafin injin dominsu ba.

Wasu za su ce ai a ari kalmomin kawai. Aro ya dace da sunayen da Hausa ba ta da su, kamar leza da argon da titaniyom. Amma kalmomin aiki da na hani, waɗanda ake faɗa da gaggawa, gara su zama na gida.

Wasu kuma za su ce an yi gaggawa, tunda ƙasar da ke fama da wutar lantarki ba ta kai ga wannan ba. Amsar ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirƙirar kalmomi ba ta buƙatar kuɗin waje. Bugu da ƙari, ƙurar alminiyom ba baƙuwa ba ce a wuraren da ake goge tukwane a yau, don haka gargaɗin yana da masu amfana tun yanzu.

Kammalawa

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa masana Hausa suna iya zama su daidaita kalmomin fanni. Amma wancan aiki na harshe da adabi ne, manazarta suka yi wa kansu. Abin da ake buƙata yanzu shi ne zama na daban, wanda zai haɗa malaman Hausa da injiniyoyin ƙarafa da shugabannin Panteka da matan da suka san tankaɗe da rege, a fitar da ɗan ƙaramin kundi na kalmomin garin ƙarfe da ƙa'idojin sarrafa shi. A gwada kowace kalma a bakin masu sana'a kafin a buga ta, wadda ba ta zauna ba a sauya ta. Sannan a miƙa kundin ga NBTE domin ya shiga manhajar horar da masu sana'a, a kuma ba hukumar kashe gobara kwafinsa. Ita kuma duk cibiyar da ke shirin sayen inji, ta fara da ɗakin gari mai daidaitacciyar laima, da alamomin gargaɗi da boko da ajami. Kaduna tana da masana, tana da maƙera, tana da hukumar da ke tsara manhaja, duk a gefe ɗaya na kogi. Abin da ya rage shi ne sashen Hausa ya kira zaman.